Hayaƙin da Muka Ƙara wa Malam

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ya bar mu muna lalube. Ni ce Rabi mai ƙosai ta bakin tashar Jarwal a Makka. Duk wanda ya jira motar Jidda a shekarun da motoci suka fara kashe wa raƙuma kasuwa ya san ni, ko bai san sunana ba ya san yajina. Zan faɗi yadda jinyar maigidana ta kasance. Ba tausayi nake nema ba, an tausaya mini har ya gundure ni. So nake wata ta ji, kada ta yi abin da na yi.

Maigidana mutane na ce masa Malam Ɗanjuma, ni dai Malam nake cewa. Shi ne mai kula da gabun tashar. Gabu ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, dogo, mai sanyi, da aka haƙa tun zamanin ayari don ajiyar kaya. Da motoci suka zo sai ya koma wurin jiran matafiya, don ranar Makka in ta take tsaka ba mai iya zama a fili. Ƙofarsa ɗaya ce, matakala ɗaya, ga ƙunci, mutum biyu ba sa gifta juna sai ɗaya ya karkace. A ƙarƙashin matakalar nan direbobi ke jibge gwangwanayen fetur, wai kada rana ta shanye musu. Malam ya sha gaya mini cewa wurin nan ba ya kwanta masa a rai. Ni kuwa sai in ce ya ci tuwonsa, tun kafin a haife shi gabun yake nan.

Kun san al'adar alhazanmu. In an sauko daga Mina an gama komai, kowa sai ya yanki farin alawayyo na likkafaninsa, ya tsoma a ruwan Zamzam, ya shanya, ya naɗe ya tafi da shi gida. A ranar da abin ya faru akwai ayarin mutanen ƙasar Katsina da ke jiran motar la'asar, cikinsu da wata tsohuwa, Inna Kulu, 'yar ƙauyen mahaifiyar Malam. Likkafaninta bai bushe ba. A waje ga ƙurar mota, ga awaki, ga masu dogon hannu. Ta ce, "Ɗana, bar ni in rataya a igiyar matakalar nan, na ga nan iska ke ja." To, tsohuwa 'yar garin uwarka ta kira ka ɗana, da wane baki za ka ce mata a'a? Ya ƙyale ta. Da sauran suka gani, kowa ya kwance nasa ya rataya. Kafin azahar yadin ya bushe ƙayau, ba wanda ya tashi ya kwashe, wani kuma can ƙasa ya kunna risho zai dafa shayi.

Ina cikin tsame ƙosai na ji ihu. Na waiga, sai ga baƙin hayaƙi na tuttuɗowa daga bakin gabu. Rishon ne ya yi tsiri, ya lashi bakin yadi ɗaya, wutar ta bi likkafani bayan likkafani har sama, sannan ta sami fetur. Hanyar fita ita ce ta fara kamawa. 'Yan ga-ruwanmu suka yi ta sheƙa garwa, amma ina! Malam yana sama lokacin. Ya jiƙa buhu ya yafa, ya gangara ya fito da mutum. Ya koma ya fito da wata mata da goyonta. Ina kururuwa ina cewa ya isa, ko kallona bai yi ba. A na uku shi aka jawo da ƙafa. Inna Kulu ba ta fito ba. Kada ku tambaye ni mutum nawa, ban ƙirga ba, na dai ga an yi ta jera su a inuwar bango ana lulluɓewa da abin da aka samu.

Satin farko kowa barka yake mana. Hannuwansa ne suka ƙone zuwa gwiwa, gemu ya babbake, shi ke nan abin da ido ya gani. A asibiti ranar ba masaka tsinke, ga waɗanda wuta ta ci, ga ragowar alhazai masu gudawa da zazzaɓi kwance har tsakar gida. Da ma'aikacin ya ga Malam na tafiya da ƙafarsa, sai ya shafa masa wani man rawaya, ya naɗe, ya ce mu tafi. Ban ga laifinsa sosai ba, akwai waɗanda fatarsu ke saɓulewa a gabansa. Amma da ya kara kunne a ƙirjin bawan Allahn nan ko sau ɗaya, da an rage mana hanya. Muryar Malam ta dushe tun a ranar, in ya yi kaki baƙi ƙirin yake fitowa kamar gindin tukunya. Muka ce ai dole, mutum ya sha hayaƙi, zai washe.

A nan Yaya Hassu ta tare a gidanmu. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma uwa ce a gare shi. Iyayensu sun rasu a hanyar Hajji, can cikin Sudan, ita ta goya shi, ta yi tsintar auduga ta ciyar da shi har suka ƙetare teku. Ba ta taɓa haihuwa ba, shi ne ɗanta. Mace ce mai zafin nama da zafin baki, kuma wallahi ta iya jinya. Ta kwance naɗin asibiti, ta wanke hannun da ruwan bagaruwa, ta shafa zuma, ta aika har wajen mutanen Barno aka samo gashin zomo ta liƙa. Ko zumar ce, ko man asibitin ne, Allah masani, hannun ya fara kamewa. Yaya ta yi ta baza labari a unguwa. Mu duka idonmu na kan hannu.

Sati na biyu, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Malam ya kasa kwanciya. Da ya miƙe bayansa sai numfashi ya sarƙe, ya zabura ya zauna yana dafe bango. Ƙirjinsa na fito kamar an hura kara. Zazzaɓi ya rufe shi. Masu dubiya kuwa kowa da nasa: wannan ta ce citta da kanumfari, wancan ya ce man raƙumi, wani ya ce a yi masa ƙaho a baya. Mun yi wasu, mun bar wasu. Da na ga leɓensa ya fara sauya launi na ce a'a, asibiti za mu koma.

Kwana uku muna sammako muna bin layi, rana ta ƙwalle, a rufe taga a ce gobe. Ina riƙe da shi, ga laima, ga buta. Ran na uku wani mai shara, Batakare ɗan'uwanmu, ya gane Malam, ya ce wannan ai shi ne ya shiga wuta sau uku, ya ja mu ta ƙofar baya. Ban san sunansa ba har yau, Allah ya ba shi Aljanna. Likitan wani Bashame ne, mutumin ƙasar Sham, mai furfura, mai saurin fushi. Ya ɗora abin sauraronsa a bayan Malam, ya daɗe yana saurare, sannan ya ɗago ya ce, "Sadru mahrug min juwwa." Wato ƙirjin ya ƙone ta ciki. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Dukhan, la!" Ba hayaƙin itace, ba na taba, ba turaren wuta, ko na ƙamshi ne. Ya maimaita har sau uku kamar yana magana da kurma. Ya rubuta allura, kullum ɗaya.

Na ji, kuma na bi. Na daina suya gaba ɗaya. Girki na mayar gidan maƙwabta, in dafa can in kawo a rufe. Allurar da tsada, tasoshin aurena suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ban ko waiwaye su ba. Na gaya wa Yaya abin da likita ya ce, ta ce ta ji, har ita ta kori wani mai dubiya da ya shigo da sigari a hannu.

Sati na uku sauƙi ya fara samuwa. Zazzaɓin ya sauka, ya sha kunu, ya ci gurasa da miya, har ya tsokane ni wai ƙosan maƙwabta ya fi nawa. A satin ne mutanen hukuma suka zo su biyu da takarda, suna bin waɗanda suka tsira suna tambaya. Na yi ta ƙifta masa ido ya taƙaita, amma Malam ya zayyana musu komai da dusasshiyar muryarsa: ƙofa ɗaya, fetur a ƙarƙashin matakala, risho, likkafanai. Suka ce wa ya bari aka rataya? Ya ce, "Ni ne." Na ce shi ke nan, yau sai kurkuku. Babbansu ya dubi hannuwan Malam ya naɗe takardarsa, suka tafi.

Ba a jima ba mai shela ya zaga tashoshi da gidajen alhazai. Duk gabun da mutane ke zama sai an fasa masa ƙofa ta biyu, kuma ƙyauren ya riƙa buɗewa waje. Sai an huda tagogin iska. Fetur ya koma fili. Ba risho a ƙasa, ba shanya a matakala, bokitan yashi a kowane lungu. Wanda ya ƙi, a toshe gabunsa da dutse. Direbobi suka yi ta gunaguni, masu gidaje suka ce an ɗora musu aiki. Ni dai na ce madalla, amma ihu ne bayan hari. Sai da aka jera mutane a gindin bango sannan aka san ƙofa ɗaya ba ta isa? Balaraben mai tashar ya aiko mana da buhun shinkafa, na gode masa, amma sau nawa Malam ya yi masa maganar fetur ɗin nan ya ce bukra, wato gobe?

Abin mamaki, tun ranar da magina suka fara fasa bangon gabun, Malam ya rasa sukuni. Gidanmu ba nisa, muna jin bugun guduma. Da an yi kiran azahar sai ya zabura, ido jajir, ya ce, "An fito da Inna? Akwai saura a ciki!" Ya nemi takalmi, ya nufi ƙofa, mu riƙe shi. In ya dawo hayyacinsa sai ya hau wani zancen: faɗin ƙofar nawa, ta gabas suka fasa ko ta yamma, ai ta yamma bangon maƙwabci ne, a bar shi ya je ya nuna musu. Zama ya gagare shi, kwanciya ta gagare shi, ni ma haka. Sai in tsinci kaina tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, ban san abin da na fito yi ba. Kullum sai na je tasha na dubo masa aikin na dawo na ba shi labari, duk da haka bai yarda ba.

Yaya ta zuba ido kwana biyar, ran na shida ta yanke hukunci. Ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Gabu tsohon wuri ne, yana da masu shi, wuta ta ƙone musu 'ya'ya, shi suka kama tunda shi ne mai tsaron ƙofa. Matan unguwa suka ce ƙwarai kuwa. Ranar Laraba da hantsi sai ga ta ta shigo da kasko cike da garwashi, da ƙunshin tazargade da jawul da farar wuta, da bargo a kafaɗa.

Na tare ta a bakin ɗaki. Na ce, "Yaya, likita fa ya ce ban da hayaƙi."

Ta ce, "Hayaƙin wuta ya ce. Wannan na magani ne."

"Ya ce ko na ƙamshi, Yaya."

Ta ajiye kaskon ta dube ni sama da ƙasa. "Ke Rabi, yaushe aka haife ki? Yaron nan a bayana ya yi ƙyanda, a bayana ya yi tarin shiƙa, a dajin da ba likita ba ɗan likita. Da wannan na raya shi har kika same shi da gemu. Yau ni za ki tare wa ƙofa? Ko so kike ya haukace ya bi titi?"

Na juya na dubi Malam, ina jira ya ce wani abu. Yana zaune jingine da bango. Ya dube ni, ya dubi yayarsa, ya ce a hankali, "Bari, Rabi. Yaya ce."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba matsawa kawai na yi ba. Da ta lulluɓa masa bargon ta tura kaskon ciki, gefe ɗaya na ɗagawa, ta ce in danne. Na durƙusa na danne da hannuna biyu. Ina jin tarinsa ta cikin bargon, ina jin yana motsi, Yaya na cewa, "Su ne, su ne ke fita, riƙe da kyau." Na riƙe. Warin farar wutar ni da ke waje ma ya shaƙe ni. Sai da na ji tarin ya tsaya, jikin ya saki ya zubo a kan gwiwata, sannan na fizge bargon na yi jifa da shi. Fuskarsa ta yi toka-toka, bakinsa a buɗe yana neman iska ba ya samu.

'Yan ga-ruwa huɗu suka ɗauke shi a kan gadonsa, da gudu har asibiti, ina binsu ba takalmi. Wannan karon ba wanda ya ce mu bi layi. Aka tsayar da Yaya a waje, ni aka shigar. Bashamen ya sunkuya zai saurari ƙirjin, sai ya tsaya, ya shinshina rigar Malam. Ya ɗago a hankali. Ya ce wa ya yi wannan? Na ce ni ce. Ya daka mini tsawar da duk ɗakin ya yi tsit. Ya ce mutumin nan ya kama hanyar tashi, sati biyu suka rage masa ya koma aiki, ɗan abin da wuta ta rage masa mun ƙarasa ƙonewa da hannunmu. Ya ce bai gaya mini ba? Na ce ya gaya mini. Ban yi kuka ba a lokacin, kunya ta hana ni. Amma shi ɗin dai, da fushinsa da komai, bai bar gefen gadon ba har la'asar. Allah ya saka masa.

Sati na biyar da na shida a asibiti muka yi su. Mata ba sa zama a ɗakin maza, sai bayan la'asar ake barin mu shiga kaɗan. Na samo dutse na ajiye a gindin tagar da ke saitin gadonsa, in taka in leƙa. Nan nake wuni. In sauka, in zaga, in dawo in sake hawa, har masu gadi suka daina korata. Yaya kullum tana kawo kunun gyaɗa da farfesu, ta zauna can nesa a inuwa da carbinta. In ta tambaye ni me likita ya ce, sai in ce ya ce a yi ta addu'a. Malam ya rame, idanu suka faɗa, magana sai kalma biyu ya huta. Zaburar azahar ɗin ma ta daina, ƙarfinta babu.

Wata la'asar na shiga, ya yafito ni da yatsa. Na kai kunne. Ya ce, "Kada... ki gaya... wa Yaya." Na ce to. Ya ce in rantse. Na rantse. Na ce masa, "Malam, ka yafe mini, ni na danne bargon." Ya ɗan motsa kai, ya ce, "Ni na ce... ki bari." Bayan kwana biyu, ranar Alhamis da hantsi, ina kan dutsena na ga ma'aikaci ya ja masa mayafi har kai. Aka yi masa salla a Harami bayan azahar.

To, ku ji ni, ku mata masu jinya. Wanda aka fitar daga wuta, kada ku tsaya kallon fatarsa. In muryarsa ta dushe, in kakinsa baƙi ne, ku koma asibiti ko za a kore ku sau goma, ku ce a saurari ƙirji. In ya riƙa zabura yana kiran waɗanda suka mutu, ba iska ba ce, abin da idonsa ya gani ne, ku zauna kusa da shi ku riƙe hannunsa. Kuma in likita ya hana abu, ko uwar da ta haife ki ce ta zo da shi, ki tsaya a ƙofar nan. Ta zage ki, ta yi fushi shekara, za ku shirya. Ni na ji kunyar minti ɗaya, ga ni nan.

Bayan takaba ban koma gidan kowa ba. Ni da Yaya muka ci gaba da zama ɗaki ɗaya, ina suya tana ƙulla yaji, shekara goma sha ɗaya. Mun yi faɗa a kan gishiri, a kan tsintsiya, a kan wa ya bar tulu a buɗe, amma maganar ranar Larabar nan ba ta taɓa fita daga bakina ba. Wani lokaci takan taso mini har maƙogwaro, in tashi in fita in zaga unguwa sai ta kwanta.

Bara ciwon ajali ya kama ta. Ni na yi jinyarta, wata biyu. Ana saura kwana uku ta rasu, ina shafa mata mai a ƙafa da rana, sai ta ce, "Rabi."

"Na'am, Yaya."

"Ranar da aka kai ɗan'uwana asibiti a kan gado, me Bashamen nan ya ce miki?"

Na ci gaba da shafawa. Na ce, "Ya ce kwana in ya ƙare ba magani, Yaya."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ƙarfi. "Ƙarya kike, 'yar nan. Ina jikin ƙyauren. Larabcin nan na riga ki ji da shekara ashirin." Ta maida numfashi. "Na ji ya ce wa ya yi, na ji kin ce ke ce."

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarta. Na kasa ɗago kai.

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya kullum in na tashi sai in ce yau za ta zage ni in huta. Kin ƙi. Wace irin mugunta ce wannan, Rabi?"

Na ce, "Shi ya rantsar da ni, Yaya."

Ta juya fuskarta bango. Can na ji ta ce, "Yaron nan. Har a nan ma sai da ya yi mini kara." Sannan ta fashe da kukan da ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da aka fita da gawarsa. Na hau gadon na rungume ta ta baya, ƙashi ne kawai a hannuna, muka yi ta yi har aka kira la'asar.